Filas Ɗin Da Ya Tafi Da Zamzam Ya Dawo Da Ƙanƙara

Assalamu alaikum matan Misfala, da ku na Rusaifa masu aiko da gaisuwa. Yau kwanana goma sha ɗaya da sauka, amma ba a bar ni na miƙe ƙafa ba. Duk wadda ta shigo yi min sannu da zuwa, kafin shayinta ya huce sai ta jefo tambaya, wai da gaske ne ɗana ne ke saukar wa Amurkawa da ruwan sama. Na ba da labarin har muryata ta dushe, jiya kuma Hajiya Tabawa ta sa na koma tun farko saboda ta zo a makare. Shi ya sa na ce bari in rubuta sau ɗaya in huta. Karatuna aji huɗu ne a Kano, sauran a bakin mutane na tsinta, wadda ta ga kuskure ta gyara a zuciyarta.

Kun san ni ba mai yawo ba ce. Shekara talatin da ɗaya a Makka, iyakata Harami da kasuwa, sai Madina in Malam ya rufe shagon ɗinki ya huta. Abu biyu ne suka fitar da ni. Na farko kowa ya sani, Rukayya matar babban ɗana ta haihu, mahaifiyarta kuma kun san halin takardunta, in ta fita ba dawowa, don haka wankan jego ya faɗo kaina. Na biyun ban taɓa faɗa ba sai yau, kuma da izinin Malam nake faɗa.

Shekara biyu ke nan Malam ba ya magana da yaron nan, wanda kuke ce wa Injiniya. Ranar wata ƙaramar Salla ya kira mu ta waya mai hoto, ya juya wayar ya nuna mana wani dutse fari fat, yana dariya ya ce, "Baba, ka ga wannan? Mu muka saukar da shi." Malam ya miƙo min wayar, ya sa takalminsa ya fita. Mutumin da bai taɓa fashin sallar roƙon ruwa a Harami ba, wanda ke juya mayafinsa yana hawaye tare da jama'a, shi ne ɗansa ya ce wa shi ke saukar da ruwa. Tun daga ranar, in yaron ya yi sallama zai amsa don wajibi ce, daga nan ba ƙari. Malam ga shekaru ga ciwon suga. Abin da ke hana ni sukuni shi ne kada ta Allah ta kasance suna a haka.

Da aka gama wahalar biza, kafil, Balaraben da ke tsaya mana a takardu, ya sa hannu a takardar fita da dawowa, Malam ya raka ni Jidda. Sai da za mu rabu ya ce, "Ke mai kunne ce. Ki je ki ji min, ki gani da idonki. In abin da ya faɗa haka yake, kada ki ɓoye min don ɗanki ne." Na ce na ɗauka. A akwatina akwai kuka, busasshiyar kuɓewa, daddawa, kilishi, dabino, turaren wuta, da babban filas ɗina na shayi cike da zamzam saboda jaririya, na naɗe shi a zannuwa.

Hajiya Tabawa ta ba ni shawara in nemi keken marasa ƙafa a filin jirgi, wai mai turawa shi zai kai ni ko'ina ba sai na yi tambaya ba. Na ce Allah ya kiyaye, ni da nake ɗawafi da ƙafata. To a Istanbul na gane kurena. Filin nan ya fi daga Misfala zuwa Muzdalifa a wurina, na yi ta bin mutane har na tsinci kaina cikin masu tafiya wata ƙasa daban. Wata ma'aikaciya ta duba takardata ta kama baki, ta kira mai keke. Na hau, kuma daga nan har na isa ban sake musu da keke ba.

Jirgi na biyu shi ne mai tsawon. Rana ta ƙi faɗuwa. Agogona ya ce magariba ta wuce, taga ta ce azahar ce. Wata tsohuwa Baturkiya da ke kusa da ni ta ga ina ta lissafi da yatsu, ta nuna min a wayarta, muka yi ta sallarmu a zaune. Ba mu da yare ɗaya, amma da ta ji na ce Makka sai ta kama hannuna ta sumbata, ta juye min rabin busasshen ɓaurenta a cinya.

A Siyatil aka shiga ƙasar. Wani ɗan kare mai dogayen kunnuwa ya zo ya zauna a gaban akwatina kamar an aiko shi, aka buɗe, aka ɗauke kilishin nan duka. Daddawa kuwa ma'aikacin ya sansana ya kawar da kai, ya mayar min da abata da sauri. Wannan bai dame ni ba kamar abin da ya biyo baya. Mai duba fasfo ya yi min tambaya ban gane ba, ya kira tafinta ta waya. Yana yin sallama na ji harshen Damagaram a bakinsa. Ya ce ana tambaya wurin wa na zo, na ce wurin ɗana. Ya ce yaya sunansa. Na yi shiru. Na nuna takardar gayyata, na ce ga shi nan a rubuce. Mai fasfo ya ɗaure fuska, don a ganinsa wace irin uwa ce ba ta san sunan ɗanta ba. Sai na ji tafinta ya yi 'yar dariya ya ce, "Hajiya, ɗan fari ne ko?" Na ce shi ne. Ya yi wa Baturen bayani mai tsawo, Baturen ya saurara har da gyaɗa kai, amma ya ce doka sai na faɗa da bakina. Shekara talatin da huɗu ban kira sunan nan ba. Na sunkuyar da kai na faɗa a hankali, aka buga min hatimi. A nan ma ba zan rubuta shi ba.

Daga can wani ƙaramin jirgi ya kai ni jiharsu, Aidaho. Yaron na tsaye da wata riga kamar bargo mai hannu, da takalma kamar na masu aikin kwalta. Ya durƙusa har ƙasa a tsakiyar mutane ya gaishe ni, Turawa suna kewaye shi suna kallo. Na ce tashi, na kawar da kai. Amma na ga ya rame. Da ƙofa ta buɗe iska ta dake ni, sai na ji kamar an sa kaina cikin firjin mai sayar da kaji. Haƙorana suka yi ta kaɗawa har gida.

Gidajensu na katako ne, in ka taka sama na ƙasa ya sani, kuma babu katanga, amma ba mai leƙa wani. Wata maƙwabciya ta kawo abincin barka, ta ajiye a bakin ƙofa ta danna ƙararrawa ta juya. Na bi ta a guje da zani ɗaya ina ce mata ta shigo ta ga jaririya, ta yi ta murmushi tana ja da baya. Rukayya ta ce haka ake yi, wai don kada a takura wa mai jego. Na tuna ɗakina ranar da na haifi Hauwa, mata har kan matakala.

Kwana na biyu na kunna gawayi na zuba turaren wuta. Ban kai ga zagaya ɗaki ba wani abu a rufi ya fasa ihu, jaririya ta ɗauka, Rukayya ta fito tana salati da Larabci tana kaɗa tawul. Ashe na'urar jin hayaƙi ce. Daga ranar a bakin taga nake turara zannuwa, ina rawar sanyi. Wanka kuwa mun yi shi safe da yamma, duk da ba ganyen darbejiya, Rukayya tana cewa "Halas ya Umma, halas," wai ya isa, ni kuma ina cewa saura kaɗan. Kunun kanwa ne likitarta ta hana, ta ce yana taɓa zuciya, ban yi gardama ba na koma na gyaɗa. Nama a shagon wasu 'yan Somaliya muke saye. Dankalin turawansu kuwa guda ɗaya ya kai kan jaririyar, kuma shi ne arziƙin garin.

Duk wannan ina yi ina sa kunne a kan abin da aka aiko ni. Abin da na fara lura da shi, sama fes take, shuɗiya kamar ta Makka a watan zafi, sai dai sanyi. Duwatsun da ke bayan gari kansu kawai ke da ɗan fari, kamar furfurar da ta fara fitowa. Yaron kuma kullum yana gaban kwamfuta yana kallon wasu zane-zane masu motsi, yana tsaki a hankali don kada in ji. Na ji.

Ran nan na ce ya yi min bayani da Hausa, ban da Turanci. Ya ce su damunarsu a lokacin sanyi take, kuma ba ruwa ke sauka ba, dusar ƙanƙara ce. Tana taruwa a kan duwatsu ta zauna wata da watanni, kamar yadda muke tara ruwa a hazzan, tankin saman gida. In zafi ya shigo ta narke a hankali ta gangaro koguna da madatsai, da ita ake sha, da ita ake noman dankalin nan. Shekarar da dutse bai yi fari ba, manomi ya shiga uku. Aikinsu shi ne in hadari ya taso su taimaka masa ya zubar da fiye da abin da zai zubar. Na ce to me ya hana ku, ga dutse ya bushe. Ya ce babu hadari. Na riƙe wannan.

Da muka yi sati biyu ya ce zai je duba ɗaya daga cikin injinansu a gonar wani tsoho, na ce ƙafata ƙafarsa. Mun yi tafiyar awa biyu muna hawa, kunnuwana suna toshewa. Ni na zaci zan ga wani abu mai ban tsoro. Ashe ƙarfe ne tsaye kamar na ɗora tankin ruwa, ga tukunyar gas a gindinsa, ga wani bututu a can sama. Ya ce a bututun ake kunna wuta, a ƙona wani magani mai azurfa a ciki, iska ta ɗauki hayaƙin ta kai cikin gajimare. Ruwan da ke cikin gajimaren ya yi sanyi sosai amma bai daskare ba, in ya sami ƙwayar hayaƙin sai ya kama ta ya zama ƙanƙara, ya yi nauyi ya faɗo. Wani lokaci da jirgi ake kai maganin. Na ce ashe kaskon turare ne aka ɗora a sama. Ya ce kusan haka ne.

Mai gonar, Mista Wolta, dogo ne mai hannuwa kamar faranti, ya kai sa'an Malam. Matarsa ta ba ni wani zazzafan ruwan tuffa mai kirfa, ta zagaya ta lulluɓa min bargo a ƙafa ba tare da na roƙa ba. Cikin hira, yaron yana fassarawa, tsohon ya ce ranar Lahadin da ta wuce duk cocinsu sun yi azumi suna roƙon Allah ya saukar da ƙanƙara. Na ajiye kofi. Na ce a tambaye shi, shi da ke da inji a gonarsa, me ya kai shi azumi. Ya yi dariya har da tari, ya nuna bututun ya nuna sama, ya yi magana gajeriya. Yaron ya ce, "Wai ya ce injin ba ya yin gajimare, Umma. Shekara goma yana nan, bai taɓa yin ko ɗaya ba."

A kwana na goma sha tara gari ya waye da hadari, baƙi ƙirin ta yamma. Na yi murna har na ƙona kunu. Na leƙa na ga yaron zaune ya harɗe hannu. Na ce kunna mana, me kake jira. Ya ce ba zai kunna ba, gajimaren bai yi sanyin da ake so ba, iska kuma ba ta nufi dutsen ba, in ya kunna ɓarnar magani ce kawai. Na yi masa faɗa sosai, na ce mutane na azumi kai kana zaɓe. Hadarin nan ya yi yini guda a kanmu ya wuce bai zubar da komai ba.

Da yamma ina haɗa wa Rukayya kindirmo abin ya faɗo min. Na tafasa madara na bar ta ta huce, ina taɓawa da ɗan yatsa, sannan na ɗiga cokali ɗaya na tsohon nono. In ta yi zafi da yawa ba ta kamawa, in ta huce da yawa ba ta kamawa. In kuwa ƙwarya ba madara, ko cokali goma ka zuba ba abin da zai kwana. Na kira shi na ce, kai aikinka cokalin nan ne ko. Ya tsaya yana kallon ƙwaryar, ya ce da shi ya iya faɗa wa Baba haka tun farko, da ba a kai nan ba.

Ɗakina yana manne da inda yake salla, bangon kuma katako. Da asuba bayan ya idar na kan ji shi yana addu'a ƙasa-ƙasa. Addu'ar roƙon ruwa ce, irin wadda Malam ya koya musu suna yara, har inda Malam ke jan numfashi shi ma a nan yake ja. Bai san ina ji ba, kuma ban gaya masa ba.

Sai a kwana na ashirin da uku abin ya zo. Tun hantsi wayarsa ke ƙara, abokan aikinsa suna ta magana da sauri. Wajen la'asar ya ce in zo in gani. Ya yi bisimilla ya danna wani abu a kwamfuta, ya ce injina shida sun kama wuta a kan duwatsu. Shi ke nan, ba tsawa ba walƙiya. Na zauna a taga na kasa kunne ina jiran ƙarar saukarta, don ni duk ruwan da na sani yana da murya. Wannan ba ta da ita. Sai gani na yi abu na saukowa kamar ana shiɓar auduga, garin ya yi tsit, har motoci suka daina ƙara. Kwana biyu tana zuba.

Da ta tsaya muka fita ƙofar gida, ƙafata ta nutse har ƙwauri. Na ce ya nuna min wadda tasa ce a ciki da wadda ta Allah ce. Ya ce ko su da na'urorinsu sai sun yi dogon awo kafin su ce ga abin da aka ƙara, kuma ƙarin kaɗan ne, kamar gyaran da mai awo ke ɗora wa mudu, sai dai a wurin manomi gyaran nan yana da yawa. Na ce to maganar da ka yi wa mahaifinka ranar Salla fa. Ya sunkuyar da kai ya ce, "Suɓutar baki ce, Umma. So nake ya yi alfahari da ni." Ban ƙara masa komai ba, don na ga ya riga ya biya.

Ranar da zan taho, bayan an yi arba'in, na ɗauko filas ɗina da zamzam ya ƙare a ciki, na cika shi da ƙanƙarar bayan gida, ina dannawa da muciya har ya ƙi karɓa. Yaron ya ce za ta narke. Na ce filas ɗin nan yana riƙe min ƙanƙara yini guda a Arfa, ni na san abina. Na naɗe shi a zannuwa na sa a akwati.

Na iso gida bayan la'asar. Ban ko cire mayafi ba na ce wa Malam ya zo ya ga abin da bai taɓa gani ba. Na buɗe filas da ƙarfin gwiwa na karkata a kwano. Ruwa ne ya zubo, bai fi kofi biyu ba, ko sanyin kirki babu. Malam ya leƙa kwanon ya leƙa fuskata, ya tambaya ko wannan na je Amurka ɗaukowa. Na ce a can ta cika shi har baki.

Sai na zauna na ba shi labari kamar yadda na ba ku, ban rage ba ban ƙara ba. Na gaya masa kwana ashirin da biyu ɗansa na zaune da injina ya kasa saukar da ko ɗigo, na gaya masa ranar da hadari ya zo ya wuce, da tsohon da ke azumi, da cokalin nono. Na ce maganar da ya yi ranar Salla ba daidai ba ce, shi ma ya sani. Daga ƙarshe na gaya masa abin da nake ji ta bango da asuba. A nan ne ya ɗauke kai ya kalli taga. Ya ɗauki faranti ya rufe kwanon, ya tura shi ƙarƙashin gado.

Da asuba na ji motsinsa, na ga ya jawo kwanon ya yi alwala da ruwan, a hankali, bai zubar da ko kaɗan a banza ba. Da ya dawo daga masallaci ya zauna a bakin gado ya ce shekara hamsin yana roƙon Allah a cikin salla ya wanke masa zunubai da ruwa da ƙanƙara, bai taɓa sanin yadda take ba sai a bakina. Sannan ya tambaya ƙarfe nawa ne a wurinsu. Na ce yanzu suka idar da isha'i. Ya ce, "Kira min shi."

Na kira na miƙa masa, na tashi kamar zan dafa shayi, na tsaya a bakin ƙofa. Bayan sallama na ji ya tambayi jaririya da mai jego. Sai ya ce, "Akwai hadari a wurinku?" Ban ji amsar ba, amma na ji Malam ya ce, "To. An yi shelar roƙon ruwa ranar Alhamis a Harami, zan sa da ku. Kai kuma ka gyara injinanka ka zauna da shiri."

Wannan shi ne labarin. Mai son ganin filas ɗin ta zo da la'asar, yana nan ya koma aikinsa na shayi.